Fashin baƙi: abin da ke sa linka ya ƙi haɗa shirin buga wa fayil hatimi

Ɗan yayata yana aiki da wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya a Agege, irin waɗanda ke loda kaya a Legas su sauke a Kaduna da Kano. Kowane dare ofishinsu kan tura fayil zuwa reshensu na Arewa, ɗauke da lambar mota, sunan direba, yawan katan da kuɗin da za a karɓa a hannun mai kaya. Wata rana maigidansa ya tambaye shi: idan wani ya shiga tsakani ya mayar da katan 400 zuwa 340, wa zai gane? Daga nan aka ɗora wa yaron aikin rubuta shiri da harshen C wanda zai riƙa buga wa kowane fayil hatimi kafin a tura.

Bayan sallar isha'i ya turo mini hoton allon kwamfutarsa, da saƙo a ƙasa: "Kawu, don Allah ka duba mini. Kwana biyu ke nan ina fama, na bi kod ɗin layi-layi ban ga inda na kauce ba." A hoton, layi biyu suka fi ɗaukar ido:

`undefined reference to 'EVP_MAC_fetch'`
`collect2: error: ld returned 1 exit status`

Na ce masa ya bar kod ɗin ya huta, ba shi da laifi. Kwana biyun nan ya ɓata su ne yana neman ɓaraka inda babu ita, kuma ba shi kaɗai ba ne. Na sha ganin irin wannan a wurin matasan da ke koyon rubuta manhaja a Yaba da Ikeja. Da sun ga jan rubutu sai su koma kan abin da suka rubuta, ba tare da sun tsaya sun ga wanda ke ƙorafin ba.

Bari mu fara da hatimin kansa. Sunansa HMAC. Mihir Bellare da Ran Canetti da Hugo Krawczyk ne suka fito da shi a 1996, aka rubuta ƙa'idarsa a RFC 2104 a 1997. Ana ɗaukar mabuɗi na sirri wanda mai turawa da mai karɓa kaɗai suka sani, a gauraya shi da abin da ke cikin fayil ta hanyar lissafi irin SHA-256, har zagaye biyu, ciki da waje. Abin da zai fito bayit 32 ne, ko da fayil ɗin layi ɗaya ne ko ya cika faifai. In aka taɓa harafi ɗaya, hatimin ya canza gaba ɗaya, kuma wanda ba shi da mabuɗin ba zai iya buga sabo da zai dace ba. Duk wanda ya taɓa haɗa shafinsa da Paystack a nan Legas ya riga ya gamu da shi, domin da HMAC mai SHA-512 suke hatimce sanarwar biyan kuɗi da suke aiko wa 'yan kasuwa. Mai hankali ba ya zama ya rubuta wannan lissafin da hannunsa. Laburare ake ɗauka wanda masana suka daɗe suna tankaɗe da rairaya a kansa, kuma wanda aka fi ɗauka shi ne OpenSSL, da ya faro a 1998.

To daga ranar da ka jingina da laburaren wani, shirinka ya rabu gida biyu: abin da ka rubuta, da abin da ka aro. Wurin ɗinke su ne rigimar take.

Ma'aikata uku ne ke taɓa shirinka kafin ya yi aiki, kuma kowannensu da irin kukansa. Na farko kwamfaila, mai juya rubutunka zuwa harshen na'ura. Shi bai damu da ganin aikin da ka aro ba. In ka rubuta `#include <openssl/evp.h>`, ka miƙa masa takarda ce kawai mai cewa akwai wani aiki sunansa kaza, yana karɓar kaza, yana mayar da kaza. Sai ya yarda, ya bar gurbi, ya rubuta sunan a jerin bashi. In takardar ce babu, shi zai yi magana, ya ce `openssl/evp.h: No such file or directory`, maganinsa kuma a Ubuntu da Debian shi ne a saka `libssl-dev`, a Fedora `openssl-devel`. Na biyu linka, mai haɗawa, wanda a Linux sunansa `ld`. Shi ke ɗaukar jerin bashin ya shiga neman kowane suna a cikin laburaren da ka nuna masa. Na uku mai lodi, wanda ba ya tashi sai lokacin da ka kunna shirin. Saboda haka duk inda ka ga `ld` ko `undefined reference`, ko a Windows ka ga `LNK2019`, ko a Mac ka ga `Undefined symbols for architecture arm64`, to kwamfaila ya gama nasa lafiya. Takarda ta iso, kaya ne ba a gani ba.

Na tambayi yaron umarnin da yake bugawa. Ya turo:

`gcc -lcrypto hatimi.c -o hatimi`

Abu ɗaya ya yi daidai, kuma na yaba masa. OpenSSL laburare biyu ne, `libssl` mai kula da TLS, wato tsarin ɓoye hulɗa a intanet, da `libcrypto` inda lissafin yake. HMAC na cikin na biyun. Da yawa sukan sa `-lssl` kaɗai saboda shi ya yi kama da sunan, su yi ta mamaki. Shi ya ambaci laburaren da ya dace, amma a wurin da bai dace ba.

Ka ɗauka ka aiki yaro kasuwar Mile 12, ka ce ya bi layi ɗaya daga bakin ƙofa zuwa ƙarshe, ba waiwaye, ba komowa. Rumfar mai albasa ita ce ta farko. Takardar cefanen kuwa tana hannun wani da ke zaune a rumfa ta biyar. Yaro zai wuce mai albasa hannu rabbana, domin a lokacin bai san ana bukatarta ba. Sai ya kai rumfa ta biyar ya karanta ya ga albasa a sama, ga shi an hana shi komawa. Haka linka na GNU yake bin abin da ka jera masa, daga hagu zuwa dama. Ya iso kan `-lcrypto` babu bashin kowa a hannunsa, ya wuce. Ya iso kan `hatimi.c` ya tarar da sunaye shida ana nema, gaba kuma babu kowa. A da wannan ya fi cizon masu amfani da laburare mai ƙarewa da `.a`, amma tun daga siga ta 11.10 Ubuntu ta mayar da `--as-needed` ɗabi'ar linka, don haka ko laburaren tarayya mai ƙarewa da `.so` ne, in ya zo kafin mai bukatarsa, ajiye shi ake yi gefe. Wannan ne ma ya sa umarni ɗaya zai yi aiki a kwamfutar abokinka ya ƙi a taka. Mai nema ya zo gaba, mai bayarwa ya biyo baya:

`gcc hatimi.c -o hatimi -lcrypto`

Minti biyu ba a yi ba ya turo: "Kawu, ya wuce!" Na ce ya kwanta, gobe ma rana ce.

Washegari da la'asar, ina cikin danfo an tsaya cik a Oshodi, sai ga kiransa. Ya kai shirin babbar kwamfutar ofis, ya buga umarnin nan da muka gyara, kuskuren jiya ya dawo. Na ce ya turo mini dukkan abin da ya fito, kada ya yanke ko layi ɗaya. Nan ne abin ya fara daɗi ga mai son gane yadda na'ura ke tunani, domin jerin na yau ba irin na jiya ba ne. Jiya kowane suna na OpenSSL ya ɓace. Yau `EVP_MAC_fetch` da `EVP_MAC_init` da `EVP_MAC_update` da 'yan uwansu ne suka ɓace, amma `CRYPTO_memcmp`, wanda shi ma yana cikin shirin, ba a yi kukansa ba. Ke nan linka ya sami wani `libcrypto`, ya ɗebi abin da ya samu a ciki, sauran ya rasa. In duka suka ɓace, laburare ne bai zo ba. In wasu suka ɓace wasu suna nan, laburare ya zo, sai dai ba shi ne wanda takardar ke magana a kai ba.

Dalilin yana cikin tarihin OpenSSL, kuma ya kamata duk mai wannan aiki ya riƙe shi. Sau biyu aka yi babban sauyi a yadda ake kiran HMAC. A siga ta 1.1.0, wadda ta fito a 2016, an rufe cikin ma'ajiyar bayanai yadda mai shiri ba zai iya leƙawa ba, aka cire `HMAC_CTX_init` da `HMAC_CTX_cleanup`, aka kawo `HMAC_CTX_new` da `HMAC_CTX_free`. A siga ta 3.0, ta watan Satumbar 2021, aka kawo sabuwar hanya mai suna `EVP_MAC`, aka ce waccan ta tsufa, ko da yake ba a cire ta ba. Ubuntu 20.04 da 1.1.1 take zuwa, Ubuntu 22.04 kuma da 3.0. Kwamfutar yaron, wadda ya saya ta hannu a Computer Village, 22.04 ya ɗora mata. Ta ofis 20.04 ce.

Mai lura zai ce, to ai da kwamfaila ne ya kamata ya fara ƙorafi, tunda takardun 1.1.1 ba su san `EVP_MAC` ba. Gaskiya ne, kuma wannan tambayar ce ta kai mu ga bakin zaren. Na sa ya ƙara `-H` a umarnin, wanda ke sa gcc, wato kwamfailan, ya faɗi inda ya ɗauko kowace heda, wato takardar nan mai ƙarewa da `.h`. Ya ƙara kuma `-Wl,--trace`, wanda ke sa linka ya faɗi kowane fayil da ya buɗe. Heda ta fito daga `/usr/local/include`. Laburare ya fito daga `/usr/lib/x86_64-linux-gnu`. Ashe wani ma'aikaci da ya riga shi a ofishin ya taɓa sauko da OpenSSL 3 ya gina da kansa, ya girka a `/usr/local`, ya tafi bai bar wa kowa bayani ba. Shi gcc yana duba `/usr/local/include` kafin `/usr/include`, don haka ya ɗauki sabuwar takarda. Sabon laburaren kuwa yana kwance a `/usr/local/lib64`, linka ya riga ya ci karo da tsohon kafin ya kai can. Takardar bana, kayan bara.

Don cire shakka akwai `nm`, wanda ke zazzage sunayen da ke cikin laburare:

`nm -D /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libcrypto.so | grep EVP_MAC_fetch`

Bai fito da komai ba. Da ya gwada na `/usr/local/lib64`, sai ga sunan da harafin T a gabansa, alamar cewa aikin yana zaune a ciki. Da U ne, da ma'anarsa shi ma nema yake.

A nan na gaya masa abin da nake so kowa ya ji: ya gode wa Allah da linka ya yi ƙorafi. Ranar da ta fi muni ita ce wadda heda ta fito daga siga ɗaya, laburare daga wata, amma aka yi dace duk sunayen suka samu. Shiri zai haɗu shiru, ya yi aiki wata biyu, sannan ya faɗi a daren da motoci goma ke jiran takarda. Shi ya sa nake sa a buga abu biyu a farkon irin wannan shiri lokacin gwaji: `OPENSSL_VERSION_TEXT`, wanda ke faɗin sigar hedar da aka gina da ita, da abin da `OpenSSL_version` ya mayar, wanda ke faɗin sigar laburaren da ke aiki a zahiri. In suka saɓa a babbar lamba, a tsaya.

Gyaran shi ne a nuna wa ma'aikatan biyu gida ɗaya, `-I/usr/local/include` ga kwamfaila, `-L/usr/local/lib64` ga linka. Ya haɗu. Ya kunna, sai ma'aikaci na uku ya ɗaga murya:

`error while loading shared libraries: libcrypto.so.3: cannot open shared object file`

Wannan ba linka ba ne kuma, mai lodi ne. Abin da `-L` ya faɗa, linka kaɗai ya ji. Cikin shirin sunan laburare kawai aka rubuta, ba a rubuta unguwarsu ba, mai lodi kuma yana da nasa wuraren da ya saba dubawa. Umarnin `ldd hatimi` zai nuna maka layin da aka rubuta `not found`. Ko dai a dasa adireshin cikin shirin da `-Wl,-rpath,/usr/local/lib64`, ko a sanar da tsarin gaba ɗaya ta `/etc/ld.so.conf.d` a buga `ldconfig`. Na zaɓar masa ta farko, saboda ta biyu tana shafar kowane shiri da ke kan na'urar, kuma na'urar ofis ba wurin gwaji ba ce. Akwai `LD_LIBRARY_PATH` ma, amma na gwajin minti biyar ne, ba abin da za a bar aikin dare ya rataya a kansa ba.

Sauran nau'o'in ba sa bukatar dogon bayani. Wanda ya zaɓi cusa laburaren cikin shirinsa da `libcrypto.a` zai iya ganin ana kukan `dlopen` ko `pthread`, domin shi ma laburaren yana da nasa bashin. Sai a ƙara `-ldl -pthread` a bayansa, ko da yake daga glibc 2.34 an haɗe waɗannan cikin babban laburaren C. A Windows irin wannan bashin shi ne `ws2_32` da `crypt32`, kuma tsofaffin bayanai da ke cewa a nemo `libeay32` suna magana ne a kan zamanin kafin 1.1.0. Laburaren bit 32 ba ya haɗuwa da shirin bit 64 ko sunayen duk suna ciki. Wanda kuma ya rubuta aikin hatiminsa da C yana kiransa daga C++, ya tuna da `extern "C"`, domin C++ yana yi wa sunaye ƙari, linka ya je neman sunan da babu mai shi. Mafi yawan wannan wahala tana raguwa in mutum ya daina rubuta hanyoyi da ka, ya bar `pkg-config --cflags --libs libcrypto` ya faɗa, ko a CMake ya jingina da `OpenSSL::Crypto`.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka kuwa, wata magana ce da yaron ya yi a tsakiyar wahalar. Ya ce: "Kawu, ni fa na kusa haƙura. Na samo wani gajeren kod na SHA-256 a intanet, fayil ɗaya ne, ba ya bukatar laburare. Sai in manna mabuɗin a gaban bayanan in lissafa, ai duk ɗaya ne." Gabana ya faɗi. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Yadda aka gina SHA-256, abin da yake fitarwa a ƙarshe shi ne halin da lissafin ya tsaya a kai. Wanda ya ga hatimin, ya kuma san ko ya canki tsawon mabuɗin, zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya, ya ƙara nasa bayanan a wutsiyar fayil, ya fitar da hatimin da zai dace, alhali bai taɓa ganin mabuɗin ba. Ba tatsuniya ba ce: a 2009 Thai Duong da Juliano Rizzo sun nuna irin wannan rami a tsarin sa hannu na Flickr, wanda ya manna sirri a gaban saƙo ya lissafa da MD5. Zagaye na biyu da HMAC ke yi, na waje, shi ke toshe wannan ƙofar. A fayil ɗin jigila, ƙari a wutsiya yana nufin sabon layi: wata mota, wani kaya, wani mai karɓa.

Kuma ba wannan kaɗai ce hanyar gudu da gajiya ke tura mutum ba. Akwai mai ƙirƙiro mahaɗi ya sa wa `libcrypto.so.1.1` sunan `libcrypto.so.3` don a rufe bakin mai lodi. Akwai mai sa `--unresolved-symbols=ignore-all` don linka ya yi shiru, gurbin kuwa yana nan a buɗe sai ranar da shiri ya taka shi. Akwai mai komawa tsohuwar siga saboda da ita kod ɗin da ya kwafo yake haɗuwa, ya manta cewa masu OpenSSL sun daina fitar da gyaran 1.1.1 ga jama'a tun Satumbar 2023. Ko cusa laburare cikin shiri yana da nasa nauyi: lokacin da ramin tsaro na Heartbleed ya bayyana cikin OpenSSL a Afrilun 2014, masu laburaren tarayya sabuntawa ɗaya ta ishe su, waɗanda suka cusa kuwa sai da suka sake gina kowane shiri ɗaya bayan ɗaya. A shirin wasa, in ka yi wa kuskure dabara, kai kaɗai ka sani. A shirin da dukiyar mutane ta dogara da shi, dabarar tana iya barin ka da hatimin da kowa ya yarda da shi alhali ba ya tsare komai, kuma babu jan rubutun da zai fito ya gaya maka.

Da shirin ya tashi, ban bar shi ya kai wa maigidansa ba sai da muka auna shi da ma'aunin da ba namu ba. RFC 4231 na 2005 ya tanadi misalan gwaji. A ɗaya daga ciki mabuɗin shi ne `Jefe`, saƙon kuma `what do ya want for nothing?`, hatimin SHA-256 da ya kamata ya fito yana farawa da `5bdcc146` ya ƙare da `64ec3843`. Ya zuba saƙon a fayil da `echo`, ya gwada, lambar ta saɓa. Ya sake kira murya a sanyaye. Na ce ya ƙirga bayit ɗin fayil ɗin da `wc -c`. Ya ce 29. Saƙon kuwa 28 ne. Shi `echo` yana ƙara alamar sabon layi a ƙarshe, hatimi kuma ba ya yafe ko bayit ɗaya. Da ya sake da `printf`, lambar ta zauna daram, ta kuma dace da abin da `openssl dgst -sha256 -hmac Jefe` ya bayar.

Wannan bayit ɗin ɗaya ya tuna mini da reshensu na Kano, inda kwamfutar Windows ce. Na sa ya duba yadda yake buɗe fayil. Da `"r"` yake buɗewa. A Linux babu bambanci, amma a Windows wannan yana sa a riƙa haɗiye bayit ɗaya a ƙarshen kowane layin da ya ƙare da bayit biyu irin na Windows yayin karantawa, sai Legas ta buga hatimi ɗaya Kano ta lissafa wani, a fara zargin direba ko magatakarda da abin da ba su yi ba. Ya mayar da shi `"rb"`. Wurin kwatanta hatimin da ya zo da wanda aka lissafa, na tarar ya riga ya sa `CRYPTO_memcmp`, wanda ba ya tsayawa a bayit na farko da ya saɓa, don kada tsawon lokacin amsa ya tona wa mai leƙe inda ya dace. Mabuɗin kuma na ce kada ya bi ta WhatsApp, kada ya zauna cikin kod. Ranar Asabar ɗaya daga cikin manyan ofishin zai bi jirgi zuwa Kano, shi zai tafi da shi a hannu.